Kamfani Ya Hana Gyara

Ku samarin da kuke cika mini benci da yamma, na ji abin da kuke faɗa. Wai sayar da fetur a bakin titi ba sana'a ba ce, zaman kashe wando ne da kwalabe a gaba. Ka zuba, ka juye, ka miƙa hannu. Wai ko akuya aka rataya wa mazurari za ta iya. To ku kawo akuyar, zan ara mata tebur.

Na kuma ji kuna musu a kan kamfanonin mai, wai sun ci ribar da ta wuce hankali. Wannan ya ce guminsu ne, wancan ya ce jininmu ne. Kuka yi ta yi har kuka manta akwai Kamfani zaune a gabanku. Sunana na yanka Sale, amma in ka shiga tashar Gwaram ka ce Sale, za a nuna maka Sale mai faci, ko Sale direba, ko wani Salen da ya rasu. Ka ce Kamfani, ko kaza za ta raka ka. Kuma a kan wannan tambayar taku an taɓa yi mini shari'a, a nan inda kuke zaune, saura ƙiris in rasa gindin darbejiyar nan. Don haka ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni a Birnin Kudu shi ne zuƙo. Maigidana Malam Hudu, wanda ake ce wa Hudu Tiyo, yana da tebur a bakin babban titi, ɗan nesa da ƙofar asibiti. Ranar da na fara, wata tsohuwar bas ta tsaya, direban ya cika tanki a Kano yana so ya rage. Malam Hudu ya zura tiyo a tankin, ya miƙo mini ɗaya bakin ya ce, "Ja. In ka ji sanyi ya taho, ka cire baki." Abin da bai gaya mini ba shi ne, kafin ka ji sanyin ya riga ya gaisa da maƙogwaro. Na sha. Ba kurɓa ba, sha. Kwana da kwanaki in na yi gyatsa sai mai shayi ya janye murhunsa. Innata ta hana ni zama kusa da fitila. Tsutsar cikina kuwa tun ranar ba ta sake yi mini magana ba.

Malam Hudu bai yi dariya ba, bai kuma ce sannu ba. Cewa ya yi, "Wanda ka sha sadaka ne. Gobe da ido za ka ja." Nan na gane zuƙo ba aikin baki ba ne. Tiyo fari ake nema, wanda kake ganin man yana hawowa a ciki kamar maciji, in ya kusa sai ka danne da babban yatsa ka kai bakin jarka. Wanda duk ka ga yana zuƙo da baƙin tiyo, ko baƙo ne a sana'ar, ko ya gaji da duniya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Jarka ba a cika ta fal, sai ka bar mata wurin numfashi, in ba haka ba rana ta yi ta kumbura kamar kwaɗo. Mazurari ba ya aiki tsirara, sai an shimfiɗa masa tsumma don tsatsa da yashi, kuma babu tsumman da ya kai tsohuwar singileti, wadda ta ga duniya. Kwalabe kuwa ba uwarsu ɗaya ba. Akwai mai kaurin gindi, ka ganta ƙatuwa amma cikinta kamar na ƙadangare. In ka jera irinta, ɗan acaɓa zai hango ta tun daga kwana, ya wuce yana gaishe ka. Sai bokitin yashi a ƙarƙashin tebur, domin fetur in ya kama, ruwa abokin wasansa ne.

Wata rana wani ya kawo wa Malam Hudu jarka da araha, yana ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Malam ya ɗiga a tafin hannuna ya ce in hura. Na hura. Ya ce, "Me ka gani?" Na ce maiƙo. Ya ce, "Fetur na gaskiya ba ya zama. Yana tashi ya bar maka hannu a bushe. In ka ga ya zauna kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya, an ɗaura masa aure da kananzir." Mutumin ya ɗauki jarkarsa, rantsuwar ma ya tafi da ita.

Ku da kuke lissafa mana riba daga kan benci, ba ku san muna da abokiyar tarayya da ba ta taɓa zuba ko sisi ba. Rana. Ka cika kwalba da safe har wuya, kafin la'asar ta sha nata ta bar maka kafaɗa. Ba ta sallama, ba ta godiya, ranar Juma'a ma tana zuwa aiki. Ƙasa ma tana lasa in hannunka ya yi rawa. Abin da suka rage shi ne naka, kai da masu tsayawa a hanya suna tambayar lafiyar jarka.

Abu na ƙarshe da Malam Hudu ya koya mini, da ranƙwashi ya koya mini shi. Wani malamin asibiti ya tsaya da babur, na juye masa kwalba, na karɓi kuɗi, na koma na zauna. Mutumin nan bai tafi ba. Bai rufe tanki ba, ya harɗe hannu yana kallon sama kamar mai duban wata. Na ce, "Malam, ko babur ɗin ne ya ƙi?" Sai ji na yi ƙwas a tsakar kaina. Malam Hudu ya kwance murfin jarka, ya cika shi da mai, ya juye a tankin. Mutumin ya ce, "Madalla," ya tafi. Malam Hudu ya ce, "Mai gero tana gyara. Mai gishiri yana gyara. Mahauci ma da wuƙa a hannunsa yana gyara. Kai wane ne? Kuɗin da ya ba ka na kwalba ne. Murfin nan shi ne yake dawo da shi gobe."

Da aka yanke mana jiha daga Kano, aka ce kowane ma'aikaci ya nufi gida, sai Gwaram ta wayi gari da babura. Malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, malaman gona, kowa da babur ɗinsa da hularsa ta zuwa ofis. Man da za ka dogara da shi kuwa sai Birnin Kudu. Na yi wa Malam Hudu sallama, ya ba ni tiyo da mazurari da albarka, na dawo gida. Sarkin tasha na lokacin, Alhaji Bala, shi ya nuna mini gindin darbejiyar nan. Kada ku raina ta. Duk wanda zai shiga kasuwa ta gabanta zai bi, duk wanda zai fita ƙauye ta gabanta zai bi, ga inuwa da take rage wa rana kasonta. A sana'ar nan, wuri shi ne rabin jari. Ɗaya rabin ma wuri ne.

Na sa kafinta ya yi mini tebur mai hawa-hawa, na shafa masa jan fenti, na kafa laima. Ranar da na jera kwalabe, Ɗanladi, shugaban 'yan acaɓan tasha, ya tsaya ya ƙare wa abin kallo ya ce, "Kai, Sale! Wannan ai ba tebur ba ne, kamfani ne!" Shi ke nan. Kafin magariba har matata ta fara.

Masu sayen mai iri-iri ne. Ma'aikacin sakatariya rabin kwalba yake saye, sannan ya girgiza babur ya kara kunne a tanki, ko man ya haihu. Masu injin ban ruwa daga fadama su zo da galan a buhu kamar sun sato. Ɗan acaɓa ba ya sauka, ba ya kashe inji sai ka yi masa tsawa. Sai Malam Sani, mai koyarwa a Islamiyya, da yake zuwa daga Dingaya a kan wani tsohon babur mai shan haɗi, sai an gauraya masa da baƙin mai. In ya tashi, hayaƙinsa yana riga shi isa gida. Kullum kafin in zuba sai ya tambaye ni, "Malam Sale, yau man ya tashi a duniya ne, ko a teburinka kaɗai?"

Sai shekarar layin mai ta zo. Ku ba ku san layi ba. Layin da nake faɗa muku, in ka shiga da sabon aski, kafin ka kai famfo kana neman wanzami. Akwai wanda ya shiga layin gidan mai na Birnin Kudu yana saurayi, aka yi masa baiko a ciki. Aka ce an hana sayarwa a jarka, sai a tanki. To, sai na kai babur ɗina wurin mai walda ya ƙara wa tankin ciki, har ya zama in na hau sai na leƙa ta gefe nake ganin hanya. In bi layi, in cika, in zagaya bayan gari in zuƙe a jarka, in ɗaure, in kamo hanyar Gwaram ina addu'a kada wani ya kunna taba a kusa da ni.

Kuɗin kwalba ya tashi, ya sake tashi, ya kuma tashi. Mutane suka yi ta tsaki suna saye. Ba wanda ya zage ni, domin kowa ya san daga sama abin yake. Har sai da rediyo ya ja mini.

Ran nan ranar kasuwa, ina cikin juye wa wani mai, sai ga Gwaggo Lami, yayar babana, daga Dingaya, da ƙaton kwando fanko a ka. Ta sauke shi a gabana ta ce, "Sale, har a rediyo? Kuma ni ba ka ce mini komai ba?"

Na ce, "Gwaggo, me aka ce a rediyon?"

Ta ce, "Maƙwabcinmu ya ji da kunnensa. An ce Kamfani ya ci ribar da ba a taɓa ci ba."

Na ce, "Gwaggo, ba ni ba ne. Kamfanin mai ake nufi."

Ta ce, "Kai me kake sayarwa, nono?"

Na ce, "Wani kamfanin ne daban, babba, can nesa."

Ta ce, "Haka ubanka yake yi in ya sayar da gyaɗa."

Duk tasha ana ji. Ba ta tafi ba sai da kwandon nan ya yi nauyi, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda ba. Aka yi dariya, amma daga ranar na lura in na sa hannu a aljihu, idanu suna raka shi.

Ba a daɗe ba na dawo daga wani layi da ya gasa ni har na fara ƙamshi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda famfon ya yanke. Yana kaiwa kuɗina ya tsaya cak, kamar an tsawata masa. Na jera kwalabe. Ɗanladi ne ya fara zuwa. Na juye masa, na kaɗa mazurari, na ɗauki murfin jarka, na dube shi, na mayar na ɗaure tam.

Ɗanladi ya ce, "Kamfani, ka manta wani abu."

Na ce, "Ban manta ba. Kamfani ba ya gyara."

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Can inda na sayo ba a gyara mini ba. Ni ma kamfani ne, kai ka raɗa mini."

Ya rufe tankinsa a hankali, kamar mai rufe kabari, ya tafi.

Ku ji ikon Allah. Mutanen da na ninka musu kuɗi suka haƙura, murfi guda ya tayar musu da hankali. Washegari 'yan acaɓa suka fara wuce ni. Wani mansa ya ƙare a daidai gabana, ya sauka ya tura babur ɗin, yana gumi, ya ce mini "Sannu da aiki," ya wuce bayan kasuwa wurin Garba. Garban nan sabon shiga ne, mansa ya fi nawa tsada, kuma rabinsa kananzir ne, babur in ya sha sai ya yi ta tari kamar tsoho. Amma yana cika murfi. Mutum ya gwammace a yanke shi da fara'a.

Abin bai tsaya nan ba. Na je wurin mai ƙosai, ta zuba mini daidai kuɗina, ta rufe kwano. Na tsaya. Ta ce, "Kamfanina ma ya daina." Mai shayi ya tsayar da buta a tsakiyar kofi. Na je aski, wanzami ya yi mini ƙwal, ya ninke askarsa, ya bar ni da gemu buzu-buzu. Na ce, "Fuskar fa?" Ya ce, "Aski ka biya. Gyaran fuska kuwa, ai sunansa ya faɗa maka." Har gida abin ya bi ni. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, amma tuwo ya zo babu man shanu.

Sai Sarkin tasha ya aiko a kira ni. Na tarar an shimfiɗa masa tabarma a nan gindin darbejiyar, 'yan acaɓa sun kewaye, Malam Sani na gefe an tsayar da shi a hanyarsa ta makaranta. Garba kuwa yana can baya, ya riga ya fara auna inuwar da ido.

Alhaji Bala ya ce, "Sale, an kawo ƙararka. Ɗanladi, faɗi."

Ɗanladi ya ce, "Ranka ya daɗe, riba ta yi masa yawa. Har rediyo ya faɗa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni rediyo ya faɗa ba."

Wani daga baya ya ce, "Gwaggonka ma ta shaida!"

Alhaji ya ɗaga hannu. Ya juya ga Malam Sani ya ce, "Malam, riba tana da iyaka?"

Malam Sani ya gyara murya ya ce, "Gwargwadon abin da na karanta, ba a yanka mata iyaka da lamba ba. An hana algus, an hana tauye mudu, an hana ɓoye kaya don mutane su matsu. Malam Sale ban taɓa kama shi da ko ɗaya ba, kuma na nema."

Ɗanladi ya ce, "Gyara fa, Malam?"

Malam ya ce, "Gyara ba farilla ba ce." Na fara murmushi. Ya ce, "Murmushi ma ba farilla ba ne. Amma ka gwada dainawa ka ga."

Alhaji Bala ya ce ko dai in dawo da gyara, ko Garba ya dawo inuwar. Ni kuwa bakina bai taɓa barina a hanya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Amma a haɗa ni da Ɗanladi mu je Birnin Kudu, ya roƙo mini gyara a gidan mai. In sun ɗiga mini, in ɗiga musu. In ba su ɗiga ba, a bar ni in yi koyi da manya." Alhaji ya ce Malam Sani ya bi mu ya zama shaida.

Muka tafi da sassafe. Ɗanladi ya shiga layin da kirari, yana cewa shi ko a wurin maye sai ya karɓi gyara. Kafin rana ta take, kirarin ya koma tambayar ina ake sayar da ruwa. Malam Sani ya kusa sauke izu a tsaye. Muka yi ta turawa taku-taku, ana zagi a gaba, ana dambe a baya, har Allah ya kai mu famfo.

Mai ba da man wani ne Sunday, mutumin kudu, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya zura, mita ta yi ta gudu, ta kai kuɗina, ta tsaya cak. Ɗanladi ya matso ya yi masa irin muryar da yake yi wa masu fura. Ya ce, "Sunday, mutumin kirki, a gyara mana."

Sunday ya ɗaga bakin famfon sama. Ɗigon da ya rage a baki, muna kallo, ya koma inda ya fito. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni ɗan aiki ne. In na gyara maka, mitar nan za ta kai ƙarata kafin in juya. Ga manaja can."

Manajan yana cikin wani ɗaki, ta taga yake magana, ita ma rabi ya buɗe. Ɗanladi ya yi sallama ya faɗi buƙata. Manaja ya dube shi kamar ya ce a ba shi aron matarsa. Ya ce, "Gyara? Tankar da ta kawo mini man ma ba ta cika ba. Wa ya gyara mini?"

Ɗanladi ya ce, "To wa zai gyara wa tanka?"

Ya ce, "Can inda ake yi mata lodi."

"Su kuma fa?"

"Kamfani."

"Yana ina?"

Manaja ya nuna kudu da leɓe. Ya ce, "Legas. In ka je Legas su ce maka ƙetare."

Malam Sani ya ce, "Manaja, kai ka taɓa ganin fuskarsa?"

Ya ce, "Ga tambarinsa can a saman ƙarfe. Iyakar sanina ke nan." Ya ja tagar.

A hanyar dawowa ni kaɗai nake magana. Har waƙa na yi.

Washegari aka sake zama. Ɗanladi, in ba shi haƙƙinsa, bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarsa ne. Ko ɗigo. Wanda ya leƙo ma mayar da shi aka yi." Malam Sani ya ce haka aka yi. Na karkata hula, na dubi Garba, na ce masa ya gai da bayan kasuwa.

Alhaji Bala ya ce, "Madalla. Sale, shi wancan kamfanin, a wace bishiya yake shan inuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shi da bishiya."

"In matarsa ta haihu, mu muke zuwa suna?"

"A'a."

"In wuta ta kama teburinka, daga Legas za a kawo yashi?"

Na dubi bokitin yashina.

Ya ce, "Shi ba mu san fuskarsa ba, shi ya sa yake abin da ya ga dama. In irinsa kake so ka zama, ka koma inda ba a ganin taka. Darbejiyar nan ta masu fuska ce. Murfi ko inuwa, ka zaɓa kafin azahar."

Wato na ci shari'a kuma an yanke mini hukunci. Garba ya tafi ɗauko teburinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, murfi ka ce?"

Ya ce, "Murfi na ce."

Na ce, "Malam, ka shaida?"

Malam Sani ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Na shaida, kuma ban ji daɗin yadda ka tambaya ba."

Na nufi cikin gari wurin mai kyamis. Na ce ya fito mini da duk kwalaben da aka gama da su. Na yi ta tona, na wuce na maganin tari, na wuce na maganin ciki, har na samu abin da nake nema: murfin kwalbar maganin ido. Murfin da in ƙuda ya faɗa ciki, ko gwiwarsa ba za ta jiƙe ba.

Kafin azahar na dawo na jera kwalabe. Tasha ta taru. Garba na tsaye da tebur a ka, yana jiran a ce ya sauke. Ɗanladi ya turo babur ɗinsa ya buɗe tanki. Na juye kwalba, na kaɗa mazurari. Sannan na sa yatsa biyu a aljihu na fito da murfin. Na ɗaga shi sama kowa ya gani, waɗanda ke baya suka ce ba su ga komai ba. Na karkata jarka a hankali, na cika shi har baki, na tallabe shi da hannu biyu kamar jariri, na kai tanki. Ɗis.

Ɗanladi ya dubi murfin. Ya dube ni. Ya dubi Sarkin tasha, shi kuwa Alhaji ya sami abin kallo a carbinsa. Sai Ɗanladi ya kama babur ya girgiza, ya kara kunne a tanki, ya daɗe yana saurare.

Ya ɗago ya ce, "Yauwa. Yanzu na ji magana." Ya rufe tanki, ya ba shi wuta, ya ce, "Allah ya ƙara kasuwa, Kamfani."

Na bayansa ya matso, shi ma ya buɗe tanki. Garba ya juya da teburinsa a ka, bai ma sauke ya huta ba. Da yamma mai ƙosai ta zuba mini nawa, sannan ta lalubo wani ɓarɓashi a gindin kwano, ƙwayar gero ta fi shi, ta ɗora a kai ta ce, "Ga gyara." Na ce na gode, Allah ya ƙara kasuwa.

To, ribar manyan ta yi yawa ko ba ta yi ba, ban sani ba, ba su taɓa kwance ta a gabana ba. Ni dai an ce tawa ta yi yawa, murfin maganin ido ya wanke ni a gaban jama'a. Su kuwa, tun haƙorana suna cike nake miƙa musu tanki, ko cikin wannan ɗan murfin har yau ban gani ba.